Ƙullin Da Ya Kusa Kashe Aure: Ranar Da Muka Yi Girkin Japan A Gidan Ƙanwata

 Yau dai a gyara zama, don labarin da na zo muku da shi rabinsa na kicin ne, rabinsa kuwa na uwarɗaka. A gidan ƙanwata abin ya faru, nan cikin Kano, ta kuma yarje mini in ba da shi bisa sharaɗin kada in kama sunan kowa. Na yarda.

Mijinta malamin aikin gona ne. A shekarar 2019 ya sami gurbin ƙaro karatu a ƙasar Japan, a wani birni da ake kira Sendai, can arewa maso gabashin ƙasar, yankin da ya yi suna wajen noman shinkafa da kuma sanyi mai ratsa ƙashi. An yi da shi zai riƙa leƙowa gida duk shekara, sai annobar korona ta sauka a 2020, aka rurrufe iyakoki. Bawan Allahn nan bai sake taka ƙasar nan ba sai da ya kammala, shekara uku cur da 'yan watanni. Ita kuwa tana nan da 'ya'ya uku da surukarta Hajiya, tana ƙirga kwana.

Ranar da zai dawo, kai jama'a, ƙanwar nan tawa ta yi rawar gani. Ga farfesun kan rago, ga dambun nama, ga tuwon shinkafa miyar taushe man shanu yana yawo a sama, ga waina, ga kunun aya mai sanyi. Ta ci kwalliya, ta sha lalle, gida ko'ina turaren wuta. Maigida ya zauna ya yi loma uku ya ajiye hannu, wai ya ƙoshi. Aka ce gajiyar hanya ce. To, gajiyar nan ta ƙi ƙarewa. Wata ɗaya, wata biyu, in ta zuba masa miya sai ya ɗauki cokali ya riƙa yaɗe man yana turewa gefe, wani lokaci ma ya ce a ba shi farar shinkafa gayanta da ruwan zafi.

Bayan wannan kuma ga wani ƙulli. Daga cikin kayan da ya sauko da su akwai wani abu da aka ɗaure cikin shuɗin ƙyalle mai zanen furanni, ɗauri mai kyau irin na hannun mace, da wata takarda rubutun hannu an soke a jiki. Shi da kansa ya kai shi can ƙuryar firji, ya ce kada kowa ya taɓa. Ta ce sau biyu tana kama shi cikin dare ya buɗe firjin ya tsaya yana kallon abin nan, sannan ya rufe.

Kun dai san halinmu. Ƙawaye suka ce an mallake shi, wata 'yar Japan ce ta gama da shi ta ciki. Hajiya mahaifiyarsa ta ce ita dai ba ta yarda da ƙullin nan ba, ta aika aka karɓo rubutu ana zuba masa a kunu. Wata bakwai ana haka. Ranar wata Talata sai ga ƙanwata a ɗakina ido ya yi luhu-luhu, ta ce, "Yaya, ni gida zan tafi. In matar can yake so ya koma mata, amma ba zan zauna ina gadin tsarabar kishiya a firjina ba."

Na ce, "Kin buɗe kin ga abin da ke ciki?"

Ta ce a'a.

Na ce, "Kin tambaye shi?"

Ta ce ita wallahi ba za ta zubar da ajinta ba.

Na ɗauki mayafina na ce mu je. Yana wurin aiki muka kwance ƙullin. Abu uku muka tarar. Akwai wata roba cike da wani abu mai kauri ja-ja, baƙi-baƙi, da ka buɗe sai wani ƙamshi ya doke ka kamar ɗan uwan daddawa. Akwai wani busasshen ganye baƙi mai faɗi, tauri kamar ƙirgi, da farin gari-gari a jikinsa. Sai kuma leda ta 'yan mitsi-mitsin busassun kifi. Hajiya na ganin baƙin ganyen nan ta ja da baya tana salati. Babbar 'yarsu mai shekara 14 ce ta fitar da mu, ta ɗauko wayar uwarta ta haska takardar, wayar ta shiga fassara. Rubutun hannu ne, don haka fassarar ta zo a karkace, amma mun tsinci kalmomi: ruwa kofi huɗu, cokali, jiƙa, cire kan kifi, kada a tafasa.

Na dubi ƙanwata na ce, "Ke, a ina kika taɓa jin wasiƙar soyayya da cire kan kifi?"

Ta yi dariya da hawaye a fuska, amma ta ce ai duk da haka mace ce ta rubuta. Na ce to, maganin abin shi ne ki dafa masa, a gaban uwarsa da 'ya'yansa, mu ga abin da fuskarsa za ta faɗa. Muka tsayar da ranar Asabar.

Kwana uku ni da yarinyar nan muna bincike, kuma abin da muka gano ya ba ni mamaki. Ni a da in aka ce abincin Japan, ɗanyen kifi kawai ke zuwa mini a rai. Ashe abincin gida na yau da kullum ba haka yake ba. Tsarinsa suna ce masa ichiju-sansai, wato miya ɗaya da mahaɗi uku, ga kuma farar shinkafa, kowanne a ɗan kwanonsa daban, kaɗan-kaɗan. Wannan al'adar girki tasu, washoku, har hukumar UNESCO ta sa ta cikin jerin al'adun duniya da ake tattali a shekarar 2013. Ɗanyen kifin da ake ta faɗa, sashimi, na teku ne da aka tanada musamman. Don Allah kada wata ta ji labarin nan ta je ta yanka ɗanyar tarwaɗa ko karfasa ta ba iyalinta, kifin ruwan daɗi yana ɗauke da tsutsotsin da dafuwa ke kashewa.

Abin cikin robar nan sunansa miso. Waken suya ne ake dafawa a daka, a haɗa da gishiri da shinkafar da aka tsirar wa wata funfuna mai amfani da suke kira koji, a rufe watanni har ya nuna. Na Sendai ja ne mai gishiri, ya kuma yi suna a ƙasar. Gishirin nan ne ma ya sa ya jure wata bakwai a firjin da wuta ke zuwa tana ɗaukewa, sai dai duhu da ya ƙara. Baƙin ganyen da ya tsorata Hajiya kuwa ciyawar teku ce, kombu, farin garin jikinta ma ba a wanke shi, ɗanɗano ne. Kuma ku ji wani abu: daga ganyen nan ne wani masanin Japan mai suna Kikunae Ikeda ya tace sinadarin ɗanɗano a 1908, a 1909 aka fara sayar da shi da sunan Ajinomoto. Wato farin magin da Hajiya ta shekara talatin tana barbaɗawa a miyar kuka, jikan wannan ganye ne da take wa kallon asiri. Da na faɗa mata sai ta ce, "Ke dai da iya tsara magana."

Inda muka fi tsayawa shi ne batun halal, don nan ne gizo ke saƙar. Mutanen Japan suna zuba giyar shinkafa, sake, a girki kamar yadda muke zuba ruwan tsami, akwai kuma wata mai zaƙi, mirin, wadda ta ainihin barasar cikinta takan kai kashi 14 cikin ɗari. Waɗannan biyu muka soke su gaba ɗaya, muka maye gurbinsu da ɗan sukari da lemon tsami. Shoyu, baƙin ruwan nan na waken suya da ake kira soya sos a manyan kantuna, shi ma wajen nunarsa ɗan barasa kan samu a ciki, wasu kamfanonin ma ƙarawa suke yi don kada ya lalace, saboda haka muka nemi kwalba mai tambarin halal. Har miso ɗin ma akwai wanda ake ƙara wa barasa. Muka haska jikin robarmu, wayar ta karanto abu uku kacal: waken suya, shinkafa, gishiri. A lokacin ban ɗauki wannan a bakin komai ba.

Asabar da hantsi kicin ya cika. Shinkafarsu gajera ce mai danƙo, don haka 'yar gwamnati mai warara ba ta yi, shinkafar tuwo muka samo, sabuwa. Aka wanke ta sau huɗu har ruwan ya washe, aka jiƙa minti 30, aka zuba ruwa ya ɗan ɗara yawan shinkafar kaɗan. Ba gishiri, ba mai. Da ta tafaso aka rage wuta minti 12, aka sauke aka bar ta a rufe minti 10. Dokar ita ce kada a ɗaga murfi. Sau uku ina bige hannun ƙanwata.

Romon da za a yi miyar da shi, dashi, shi ne ya fi ba ta wahala, ba don yana da wuya ba, sai don sauƙinsa ya yi yawa. Aka jiƙa guntun kombu kamar tafin hannu a ruwa lita ɗaya tare da 'yan kifin nan bayan an cire musu kai da ciki, don su ke kawo ɗaci. Bayan rabin awa aka ɗora a wuta, gab da zai tafasa aka tsame ganyen, kifin ya ƙara 'yan mintuna aka tace. Shi ke nan. Ƙanwata ta leƙa tukunya ta ga ruwa garau kamar shayin da ba a sa wa madara ba, ta ce, "Yaya, ko attaruhu ɗaya?" Na ce ko rabi.

Cikin romon muka yanka kuɓewa ɗanya, don su ma suna cinta, sunan ma okura suke ce mata. Sai awara. E, awararmu ta bakin titi, ita ce tofu ɗinsu, bambancin kawai su da wani ruwan gishirin teku mai suna nigari suka fi haɗa ta, mu kuwa da ruwan tsami. Tun da sassafe muka aika gidan mai awara aka karɓo wadda ba a soya ba, muka yayyanka ƙanana. Da kuɓewar ta yi laushi aka sauke tukunya, sannan aka dama miso a ludayi, cokali ɗaya ga kowane ɗan kwano. Abin da takardar ta ce ke nan, kada a tafasa, don tafasa na korar ƙamshin.

Mahaɗi na farko kaza ce, karaage. Cinyoyi aka cire wa ƙashi, aka yanka loma-loma, aka jiƙa minti 30 cikin shoyu da ɗanyar citta da tafarnuwa. Su da sitacin dankali suke turbuɗa ta, mu muka sa na rogo. Suya biyu ake mata: ta fari a mai mai matsakaicin zafi, a tsame ta huta, sannan a mayar cikin mai mai zafi sosai minti ɗaya. Wannan kam sai da muka sa mai gadi, don namijin cikin yaran ya ƙi barin bakin ƙofa.

Na biyu alayyahu ne. Minti ɗaya a tafasasshen ruwa, a tsame a jefa a na sanyi, a matse, a kwaɓa da soyayyen riɗi da aka ɗan daka, da shoyu da ɗan sukari. Sunansa goma-ae. Hajiya da ke zaune a kan kujera 'yar tsugunno tana sa ido ta ce, "Yo wannan ai kwaɗo ne! Tun daga Japan a zo a koya mini kwaɗo?" Gaskiyarta kuwa, har ma fiye da yadda ta zata, don Japan kusan duk riɗin da take ci daga waje take sayo shi, Nijeriya kuma tana cikin manyan masu sayar mata. Wanda aka noma a Jigawa ko Nasarawa, aka auna a kasuwar Dawanau, ba mamaki a kwanon wani gida a Tokiyo ya ƙare.

Na uku ƙwai ne da ake soyawa fale-fale ana naɗewa kamar tabarma, tamagoyaki. Sukari ake sa masa. A nan Hajiya ta ce ita dai an kai ta maƙura. Namu ma bai naɗu ba, ya fito kamar tsumma, muka yanka shi a haka. Ragowar shinkafar kuwa auta da yayarta suka jiƙa hannu, suka shafa gishiri, suka dunƙula ta mai kusurwa uku da ɗan gasasshen kifi a tsakiya. Onigiri ke nan, guzurin ɗan makaranta da ma'aikaci a can.

Bari in tsaya nan in ja kunnen masu cewa abincin Japan duk lafiya ne. Mai kam babu yawa, amma gishiri fa? Cokali ɗaya babba na shoyu gishirin cikinsa ya kusa rabin giram 5 ɗin da Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce kada mutum ya wuce a yini, su kansu mutanen Japan suna cin wajen ninkin wannan. Mai hawan jini ta yi hattara.

Bayan la'asar maigida ya shigo. An shimfiɗa tabarma a falo, an jera 'yan kwanuka, shinkafa a hagu miya a dama kamar yadda muka gani, ga tsinkayen tsire masu kauri da yaron ya goge suka zama sandunan cin abinci, hashi. Ya yi sallama, ya cire takalmi, sai ya tsaya cak. Hancinsa ne ya fara gane abin. Ya dubi tabarma, ya dubi shuɗin ƙyallen da ƙanwata ta ninke ta ajiye a tsakiya da gangan, ya dubi matarsa. Ita kuwa ta haɗe rai kamar hadarin gabas.

Bai ce komai ba. Ya zauna, ya yi bisimilla, ya ɗauki kwanon miyar da hannu biyu ya kurɓa. Wallahi ina kallo idonsa ya kawo ruwa. Ƙanwata ta zungure ni, wato kin gani ko?

Ana cikin haka Hajiya, da sandunan suka gagare ta, ta caka su tsaye a tsakiyar shinkafarta don ta wanke hannu. Ya yi wuf ya zare su, ya ce, "Hajiya, ki yi haƙuri, a can wa mamaci ake ajiye shinkafa haka." Ta ce, "Au, yanzu kuma binne ni za ku yi da rai? Kai maigidana, miƙo mini ruwa in ci da hannun da Allah ya ba ni." Jikan nata ya miƙa mata yana dariya, kowa ya dara, har shi. Dariyar nan ce ta kwance masa baki.

Ya ce watanninsa na fari a Sendai burodi da ayaba da dafaffen ƙwai ne abincinsa, don duk abin da ya ɗauka a kanti in ya duba sai ya ga harafin alade ko na giya, haruffa biyun da ya fara haddacewa ke nan. Da korona ta zo aka kulle kowa a ɗaki, ya rame har wandonsa na faɗuwa. Mai gidan da yake haya wata tsohuwa ce, ta haura saba'in, ita kaɗai take zaune a ƙasa. Ɗanta ɗaya tilo yana cikin mutum fiye da 18,000 da suka mutu ko suka ɓata a girgizar ƙasa da ambaliyar teku ta ranar 11 ga Maris 2011. Ita ce ta tare shi a matakala wata rana ta tambaye shi me ya sa ba ya cin abinci. Da ya yi mata bayani da guntun Japancinsa ba ta ce komai ba. Bayan kwana biyu sai ga ta da sabuwar tukunya, ta nuna masa takardar sayenta, don ya tabbata ba a taɓa dafa alade a ciki ba. Ta daina sa mirin a duk abin da za ta ba shi. Da azumi ya zo ta sa ya rubuta mata lokacin faɗuwar rana, kullum in lokacin ya yi sai ya tarar da onigiri uku da miya a rataye a ƙofarsa.

Ya ce ranar da zai taho ita ta ɗaure ƙullin nan, ta ce ta zagaya kanti uku kafin ta sami miso wanda ba a ƙara wa barasa ba, ta ce, ka kai wa matarka, ta fi ni sanin cikinka, ranar da ka yi kewar nan ta dafa maka.

Falon ya yi tsit. Ƙanwata ta ce, murya na rawa, "To Abban yara, me ya hana ka faɗa mini?"

Ya ce, "Na fara. Daren da na sauka na ce miki akwai wata mata da ta riƙe ni a can, kafin in rufe baki kin tashi kin bar ɗakin, kwana biyu ba ki yi mini magana ba. Sai na ce bari in bari ki huce. Kullum in na ɗauko zancen sai in ga fuskarki, in fasa." Batun mai kuwa, ya ce ba raini ba ne, shekara uku cikinsa ya saba da abinci marar maiƙo, in ya ci da yawa ƙwannafi ke hana shi barci, yana kuma jin nauyin ya ce ta rage bayan ya ga wahalar da take sha.

Ni dai a nan ban raga wa kowa ba. Na ce masa, malam, kai da ka iya yi wa tsohuwa bayanin halal da haram da yaren da ba naka ba, ka kasa yi wa matarka bayanin robar wake da Hausa har wata bakwai? Ya sunkuyar da kai ya ce, "Yaya, na yi laifi." Ita ma na juya kanta, amma kafin in fara ta riga ta tashi ta shige kicin, wai za ta ɗauko shayi. Ya bi bayanta. Shayin nan dai ya daɗe bai iso ba.

Da suka fito yarinyar ta ɗauki hoton tabarmar da kwanukan da aka sharce, uban ya rubuta 'yan layuka da Japanci aka aika wa tsohuwar ta wayar wata maƙwabciyarta, don ita ba ta riƙe irin wayar nan. A lokacin dare ya raba a can, suna gabanmu da awa 8, sai da safe amsa ta zo. Ta ce ta gode, amma awarar an yanka ta da girma.

Hajiya kuwa tun a daren ta yanke nata hukuncin. Ta ce matar da ta ciyar da ɗanta da azumi ba a bar ta haka ba, a nemo turmin atamfa mai kyau, da yajin daddawa, da ƙuli-ƙuli, da alkaki, a san yadda za a yi su isa hannunta. Sannan ta ture 'yan kwanukan gabanta, ta dubi surukarta ta ce, "'Yar nan, Allah ya yi miki albarka, kazar ta yi daɗi. Amma in akwai sauran tuwon jiya, ɗumama mini."